Daren da Bakina Ya Kashe Wasa

Da anka ce kowa ya kawo rubutu don ɗan littafin ga namu, na so in yi magana kan tsadar taki ko wahalar ruwa. Sai na tuna akwai abin da ke ci mini rai shekara biyu ke nan, kuma laifin nawa ne, babu gwamnati a ciki. Shi zan faɗa.

Ƙarshen shekarar karatu ce, muna katiriyem, nan Cadakori. Anka shirya daren al'adu a filin lakwal. Teburan aji anka haɗa anka ɗaure sunka zama dandamali, zannuwa biyu bisa igiya su ne labule. An aro gurup da mikro guda tak, mai yawo daga hannu zuwa hannu. Shiga dala ashirin. Malamai da dattawa na gaba bisa kujeru, mata na gefe bisa tabarmi, mu samari muna can baya, wasu tsaye, wasu bisa katanga, wasu sun hau baburan ƴan kabu-kabu.

Teyatur ɗin kan wata ɗiya ce da ubanta ke son cire ta daga lakwal ya yi mata aure. Wata ƴar ajinmu ce ta fito a matsayin ɗiyar. Ba zan faɗi sunanta ba, na riga na faɗe shi inda bai kamata ba. Sati shida sunka yi suna gwaji bayan an tashi, cikin zafin nan na bazara da kunka sani.

Da anka zo wurin da ta durƙusa gaban uban, wani abokinmu da ya manna gemun auduga, tana roƙo ya bar ta ta kai ga BEPC, sai filin ya yi tsit. Har ƴan tallar gujiya sunka daina kira. Muryarta na rawa, kuma ba rawar tsoro ba ce, wasan ne ya shige ta. Nan ne na ɗaga murya daga baya. Na kira ta da sunanta na gaskiya, na haɗa da sunan wani mai shago da ake tsegumin yana sonta, na ce: "Ke, ki yarda mana, ai shina da mota!"

Baya ta fashe da dariya. Fito ya tashi, wasu sunka riƙa maimaita sunan. Ta tsaya da mikro a hannu, magana ta ɓace mata. Mai tuni na bayan labule yana jefo mata kalmomi, hayaniya ta hana ta ji. Ta ajiye mikro bisa tebur, ta sauka. Abokaina na ta bugun kafaɗata, ni kuwa ina jin kaina gwani.

Kafin gari ya waye, wani ya saka hoton abin a WhatsApp. Bai kai minti guda ba: ita durƙushe, sunan mutumen, dariya. Babu farkon wasa, babu ƙarshe. Ubanta na gaskiya ya gani, ya ce ita da teyatur har abada. Iyayen wasu ƴammata biyu sunka bi sahu. Bara, yaro namiji anka ɗaura wa zane da kallabi ya fito a matsayin uwa. Da ya buɗe baki sai dariya, ko da maganar mutuwa yake yi.

Na daɗe ina kare kaina. Hujjata ita ce mu ba Turawa ba ne, ba mu kallon wasa baki rufe. Kuma akwai gaskiya a ciki. Mai tatsuniya ba ta somawa sai yara sun amsa mata. Ƴan tashe da azumi, idan masu gida ba su tanka ba, wasan ya mutu a tsakar gida. Wanda ya taɓa shiga filin kokowa na Maraɗi, mai sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa cikin 1975, ya san kunne ba ya hutawa a wurin. Ko Yazi Dogo, malamin makaranta da ya yi fice da ƙungiyarsa a Damagaram, har ƙasa duka ta san shi a rediyo da tele, shi da abokansa ba haddar takarda suke yi kalma bayan kalma ba. Sun san zaren labarin, sauran kuwa suna saƙa shi ne suna sauraren yadda jama'a ke karɓa. Turawan ma ba da shiru sunka tashi ba. A gidan wasa na Globe da anka gina a Landan cikin 1599, inda ake nuna wasannin Shakespeare, talakawa kwabo guda suke biya su tsaya gaban dandamali, suna ci suna sha suna tanka wa ƴan wasa. Zama cikin duhu kowa ya yi gum daga baya ya zo.

Wannan hujjar na kai wa kawuna, ina zaton zai goya mini baya, don shi ya yi teyatur a samariya zamanin Kunce, lokacin da ake gasar wasan kwaikwayo tsakanin jihohi a bikin matasa na ƙasa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce: "Da wa ka yi magana daren nan, da ɗiyar cikin wasa ko da ɗiyar mutane?"

Na rasa amsa. Ya ce a zamaninsu surutu ya fi na yanzu. Idan ya fito a matsayin mugun alƙali, tsofaffin mata har tsine mishi suke yi daga tabarma, shi kuwa daɗi yake ji, don ya san wasa ya kama. Wanda ya ce wa uban cikin wasa "Azzalumi!" ya ƙara wa wuta itace. Wanda ya kira ɗan wasa da sunan yanka ya tuɓe mishi riga gaban jama'a. Ya ce a filin kokowa ka yi ihu har muryarka ta dushe, ba mai hana ka, amma ranar da ka tsallaka buhunan yashi ka taɓa ɗan kokowa, ka ga yadda za a fitar da kai. Su ma suna da iyakar ga, kuma sarkin samari da mutanensa na tsaye a kanta.

Tun daga ranar na soma lura da mu ƴan baya. Kun ga masu wasan faɗakarwa da ƙungiyoyi ke kawowa ranar kasuwa, waɗanda ke tsayar da wasa a tsakiya su ce wanda bai yarda da abin da uban ya yi ba ya hau ya gyara? Wannan salon wani ɗan Birazil ne, Augusto Boal, ya fito da shi, kuma ƙungiyar Prosper Kompaoré ta Wagadugu, da anka kafa a 1978, na cikin waɗanda sunka yaɗa shi a yankinmu. An buɗe wa ƴan kallo ƙofa ke nan, an ce ga mikro. To, duk sa'ad da anka yi kiran, mu masu baki a baya sai kowa ya duƙar da kai yana latsa salula. Tsohuwa ce za ta tashi, ko wani manomi. Ashe ƙarfin halinmu na cikin duhu ne, inda ba a ganin fuskar mai magana.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Yayata ma haka anka cire ta daga lakwal, ina firamare. Na ga ranar da ta durƙusa gaban baba. Da filin ya yi tsit daren nan, abin ya taso mini a maƙogwaro, na ji idan ban yi wani abu ba hawaye zai zubo gaban abokaina. Sai na zaɓi a yi wa wata dariya da a yi mini. Ina zaton ba ni kaɗai ke yin haka ba. Ku lura, fito da shewa sun fi tashi daidai wurin da wasan ya taɓa inda ke yi mana ciwo.

Maganar salula kuwa, ita ce abin da su kawu ba su sani ba. A da, wanda ya ga wasa ya gan shi da labulensa, ya san wasa ne, gari ya waye an manta. Yanzu guntun hoto na tafiya har Maraɗi da Katsina, ya faɗa hannun wanda bai san akwai dandamali ba. Idan ɗiya ta fito a matsayin bazawara ko mai yawon banza, abin da zai gani ke nan. Namiji ya yi wasan ɓarawo, gobe a kira shi ɓarawo a yi raha ya wuce. Mace kuwa, maganar na iya biyo ta har ranar da za a zo neman aurenta. Shi ya sa ɗiyar da ta yarda ta hau tebur ɗin nan ta fi mu duka kasada, ita da iyayen da sunka bar ta.

Ba na roƙon kowa ya zauna kamar a zaman makoki. Ku yi dariya, ku yi tafi, ku zagi mugun cikin wasa. Abin da nike roƙo kaɗan ne. Kada a kira ɗan wasa da sunansa. Idan fili ya yi shiru, a bar shirun, shi ma cikin wasan yake. Kada a haska musu tocilar salula a ido. Wanda ke son ɗaukar hoto ya tambaye su, kuma kada ya yanko guntu ya watsa. Idan abokinka ne ya soma, kai ne za ka taɓa shi, don ba ya jin surbeyan, dariyarka yake nema. Da mutum biyu cikin waɗanda ke gefena sun ɓata fuska daren nan, da na yi shiru tun a kalmar farko.

Bayan wata takwas na samu ƙarfin zuwa in ba ta haƙuri. Na iske ta bakin pampo da ƙannenta. Ta saurare ni har na gama, ta ce: "Na yahe maka. Amma ka san saura magana huɗu in ƙare? Ni na rubuta su da kaina, mushe bai taɓa ko harafi ba." Na ce ta faɗa mini su. Ta ɗora bokiti a kai ta ce: "Ai ba kai ɗaya na rubuta ma ba."

Har yau ban san abin da ke cikinsu ba, kuma babu wanda ya sani a garin ga.

Bana ma za a yi daren al'adu, kuma an ce ƴammata biyu sun samu izinin gida. Na roƙi masu shiri su ba ni aikin tsaron layin baya, tunda na san mutanen wurin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga na nufo shi, kada ya ji haushi. Allah shi kai mu lafiya.