Damagaram: daga filin Langa-Langa zuwa rumfar wasan tele

Duk wanda ya tashi daga Yamai ya nufi gabas, in ya ci wajen kilomita 900 bisa kwalta, abin da zai fara yi masa maraba a Damagaram shi ne duwatsu. Manya-manya ne, a jibge wani bisa wani har cikin unguwanni, gidaje na raɓe da su kamar ƴaƴa a jikin uwa. Garin kashi uku ne tun da daɗewa: Birni, inda fadar sarki take, Zango, masaukin fatake da Buzaye a zamanin da ayari ke fitowa daga Agadas ya wuce Kano, sai unguwar da Nasara suka shata lokacin da Zinder ke babban birnin ƙasa, kafin a mai da mulki Yamai a 1926.

Amma jama'a masu karatu, ban da fadar sarki akwai wasu fadodi a garin nan, waɗanda ba su da dogari ko algaita. Su ne fadodin samari, inda ake shimfiɗa tabarma a bakin titi, a ɗora butar shayi bisa gawayi, a yi ta hira har dare ya raba. Kusa da wasunsu za ka tarar da rumfar kwano mai benci biyu da tele da na'urar PlayStation, yara na biyan ƴan canji su karɓi layi. Wasan ƙwallo ya fi kasuwa, amma wasan faɗa, irin su Mortal Kombat da Tekken, shi ya fi tada ihu. Kuma shi ya haifi gardamar da ta kawo mu.

Masu ƙera wasannin nan sun ɗauki al'adar gayyato baƙi daga wasu gidaje. A 2019 aka shigar da Terminator cikin Mortal Kombat 11, a 2020 Rambo ya bi sahu, wato jaruman da iyayen yaran nan suka kalla a gidajen bidiyo. Kamfanin Nintendo na Japan ya fi kowa nisa: wasansa Super Smash Bros. Ultimate, wanda ya fito a 2018, ya tara jarumai 89 daga wasanni daban-daban a fage guda. Yawancin samarinmu a waya suke ganin wannan, amma hakan bai hana su gardamarsa ba. Don haka kullum tambayar ɗaya ce a bakin buta: wa zai shigo nan gaba? Wani ya rantse ya ga hoto a waya. Wani ya ce abokinsa na Kano ya tabbatar masa. Wani kuma ya ce tun da an sa Rambo, me zai hana a sa Isaka Isaka?

Wanda ke son ma'aunin irin wannan zance ba ya bukatar zuwa Japan. Ya isa ya taka zuwa filin kokowa na garin, wanda aka raɗa wa sunan Langa-Langa, ɗan kokowar da ya ɗauko wa Damagaram takobi. A ranar da ba wasa, filin shiru yake, sai yashi da iska. Amma duk wanda ya taɓa zama cikinsa ranar gasa, ya ji kiɗa da kirari, ya ga cali-cali na kwaikwayon zaratan maza, ya san Nijar ta riga Nintendo haɗa jarumai. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ake tara gwanayen jahohi wuri guda. Jaha takwas ce, kowace da mutum goma, maza 80 ke nan, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya yi ban kwana da takobin bana. Daga baya su Bala Haruna da Tasi'u Sani sun sake kawo shi gida.

Kafin kowace gasa, ji-ta-ji-ta na cika gari: wane ya koma wata jaha, wane ya gurɗe, an samo wani yaro a ƙauye wanda gwiwarsa ba ta taɓa shafar ƙasa ba. Tsofaffin ƴan kallo ba sa saurin gaskatawa, tambaya uku suke yi. Wa ya gan shi a kokowar zaɓe da idonsa? Wane ne ubangidansa, ya kuma sake shi? Wa zai ci riba in ya shiga? Mu auna zancen samari da su.

Ta farko, gani ya kori ji. A watan Oktoba na 2018 wani hoto ya zagaya duniya, wai an ɗauko shi daga wata maɗaba'a a Faransa, yana nuna sababbin jarumai bakwai na Super Smash Bros. Jama'a da yawa sun hau kai sun zauna. Ranar 1 ga Nuwamba kamfanin ya bayyana jerinsa, cikin bakwai ɗin nan Ken kaɗai aka gani. Hoton ƙarya ne, an dai zuba masa sunayen da mutane ke so, shi ya sa ya karɓu. Hoto a waya ba shaida ba ne, balle yanzu da kwamfuta ke iya zana abin da ba a taɓa yi ba.

Ta biyu, kowane jarumi da ubangidansa. A 2015 Nintendo ya nemi masu wasa su zaɓi wanda suke so. Sora na wasan Kingdom Hearts ne ya fi samun ƙuri'a, amma bai shiga ba sai Oktoba na 2021, domin yana hannun kamfanin Disney, sai da aka nemi izini. Son jama'a na da nauyi, amma ba shi ke buɗe ƙofa ba.

Ta uku, ruwa ba ya tsami banza. A 2025 aka ga ɗan ƙwallo Cristiano Ronaldo yana naushi cikin wasan Fatal Fury, abin da ko a fada aka faɗe shi sai an yi dariya. Amma mai lura ya san mafi yawan hannun jarin kamfanin SNK, mai wasan, ya koma hannun wata gidauniya ta yariman Saudiya, kuma Ronaldo ya fara buga wa ƙungiyar Al Nassr ta can a 2023. Wanda ya bi sawun kuɗi ya fi mai bin son zuciya kusa da gaskiya.

Da wannan ma'auni, zancen ɗan kokowarmu fata ne, ba labari ba. Ba don ya gaza ba: mutumin da ya ɗauki takobi sau 6, kamar Isaka Isaka na Doso, ba ya bukatar shaidar kowa. Dalili shi ne masu ƙera wasan suna duba inda ake sayen kayansu da tsada, mu kuwa canji muke biya a rumfa.

Nan ne ya kamata mai yawo ya koma Birni, ya bi lunguna tsakanin gidajen ƙasa masu zane a fuska, har ƙofar fada inda dogarai ke zaune da jajayen riguna. Garin nan bai rasa jarumai ba. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa. Amadu Kuran Daga ya sa aka kashe kyaftin Cazemajou a 1898, ya kuma tari rundunar Faransa a Tirmini a 1899. André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya mai da Tanimun wasan kwaikwayo. A 2021 Aisha Macky ta fito da fim mai suna Zinder, ta nuna wa duniya samarin Kara-Kara masu ɗaga ƙarfe. Su biyun ba su jira baƙo ya zo ya ba da labarin garinsu ba.

Yaron da ya haddace dabarun jarumai talatin na ƙasashen waje, amma bai san yadda Langa-Langa ke kama ƙafa ba, ba laifinsa ba ne. Abin da aka ajiye gabansa ya ɗauka. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Akwai masu zane a Damagaram, akwai ɗalibai masu koyon kwamfuta, akwai tsofaffin ƴan kokowa da ke iya nuna kowane kamu da sunansa tun suna da rai. Ranar da waɗannan uku suka zauna bisa tabarma ɗaya, samari za su ci gaba da gardamar wanda zai shigo, amma sunayen da za a riƙa jefawa na Mirya ne da Magarya da Matamai. Allah ya nuna mana.