Kona, Garin Da Keke Ke Sauka A Cikin Akwati

Filin jirgin sama na Kona, a gefen yamma na babban tsibirin Hawai cikin Tekun Pasifik, an gina shi ne a kan baƙin dutsen da ya daskare bayan aman wutar da Dutsen Hualalai ya yi a 1801. Ɗakunan jiran fasinja rumfuna ne a buɗe, iska na shiga ta ko'ina. In watan Oktoba ya kama, baƙon da ya sauka nan zai ga mutane sirara, rana ta ƙone su, sun yi cirko-cirko a gefen da ake fito da manyan kaya, ba mai kula jakar tufafinsa. Kowa akwatin kekensa yake jira.

Abin da ya tara su shi ne gasar Ironman ta duniya, watau gasa mai rukuni uku a yini guda: iyo a teku na mil 2.4, tseren keke na mil 112, wanda ya ɗan ɗara tafiyar Kano zuwa Katsina, sa'an nan gudun ƙafa na mil 26.2, duka cikin sa'a 17 ko ƙasa da haka. Wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy, su ne suka ƙirƙiro ta a Honolulu ran 18 ga Fabrairu 1978. Mutum 15 suka shiga, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin sa'a 11 da minti 46. A 1981 aka maido ta Kona saboda cunkoson motocin Honolulu. Daga baya sai da aka kai ba a shiga don kuɗi kawai, galibi sai mutum ya ci gurbi a wata gasar. Paula Newby-Fraser, haifaffiyar ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, ta ci ta har sau takwas.

To, wanda ya yi shekara ko fiye yana neman wannan gurbi, duk wahalarsa tana cikin akwati guda da zai miƙa wa ma'aikatan da bai sani ba. Keken nan kuwa ba irin Raleigh ɗin ƙarfe ba ne da ake ɗaure wa buhun hatsi. Da zaren kabon ake ƙera shi, ba shi da nauyi, kuɗinsa yakan kai na mota. Ƙarfe in ya bugu lanƙwashewa yake yi kowa ya gani. Kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki, fenti na ƙyalli a waje, ba za a sani ba sai an tsunduma gangare.

Saboda haka shirya akwatin aikin yini ne sukutum. Da farko mai keke yakan naɗa salatif a sandar sirdi daidai inda ta shiga jiki, ya auna tsawo da faɗin kan keken ya rubuta, gama ɗan bambancin da bai kai faɗin yatsa ba ya isa ya sa ciwon baya a tafiyar sa'a biyar ko shida. Sai ya kwance feda biyu, yana tuna cewa ta hagu a baibai ake juya ta. Ya cire tayoyi, ya rage musu iska kamar yadda yawancin kamfanonin jirage ke so. Gurbin da tayoyin suka bari a gaba da baya dole a tokare shi da ɗan itace ko roba, domin in an ɗora wani kaya bisa akwatin kada ƙafafun keken su matse su karye. Na'urar canjin giya ta baya, wadda ta fi kowane sashe saurin lalacewa, kwance ta ake yi a naɗe da soso a ɗaure ta jikin keken.

Mafi wuya shi ne kan keken, mai sanduna biyu da suka miƙe gaba inda matuƙi ke kwantar da hannuwansa don ya tsaga iska. 'Yan wannan gasa ne suka fara yayata su, har Greg LeMond ya yi amfani da irinsu ya ci babban tseren keke na Faransa a 1989 da tazarar daƙiƙa takwas. A kekunan zamani wayoyin birki da na giya ta cikin sandunan suke bi, ga wuyar kwancewa, ga wuyar mayarwa. Wanda ya ja da ƙarfi ya tsinka waya, sai ya nemi makaniki a garin da dubban mutane ke neman makaniki a mako guda. Kowane noti kuma akwai iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi, don haka sifana mai awo ba ta rabuwa da akwatin.

Akwai kuma dokokin jirgi. Ƙananan gwangwanayen iskar da ake hura taya da su hukumar tsaron filayen jiragen Amurka ta hana a tafi da su, sai a saya a can. Batirin ajiya na giyar lantarki a jakar hannu yake tafiya. Nauyin da aka saba yarda da shi kilo 23 ne, alhali akwati mai tauri shi kaɗai yakan cinye kusan rabi. Masu wayo kan saka takalmi da hular kwano da feda da sirdi a jakar hannu, don in keke ya ɓata a iya aron wani. Dalilinsu mai ƙarfi ne: bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1999, diyyar kayan fasinjan ƙasa da ƙasa tana da iyaka, kimanin dala 2,000 tun ƙarin da aka yi a ƙarshen 2024, abin da sau da yawa bai kai kuɗin tayoyin kaɗai ba. Wanda ya biyo ta Honolulu kuma zai sake hawa ƙaramin jirgi na tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, in akwatuna sun yi yawa wasu su kwana a baya.

Taya ɗaya ce ba a wahalar kawo ta, watau ta baya mai rufaffen faifai. An hana ta a Kona saboda iska. Hanyar tseren ta bi babban titin Sarauniya Ka'ahumanu, ta ratsa filin baƙin dutse mai turiri da zafi, ta haura arewa zuwa ƙauyen Hawi inda ake juyowa, can kuwa iska takan bugo daga gefe har ta ture mutum daga kan kekensa.

Daga 2023 zuwa 2025 an riƙa raba gasar tsakanin Kona da birnin Nis na Faransa, maza a nan mata a can, ana musanyawa kowace shekara, wanda ya rage wa ƙaramin garin cunkoso. Amma al'adar jajibiri ba ta sake ba. Kowa zai turo kekensa da ya harhaɗa, ya bi titin Ali'i zuwa mashigin jiragen ruwa na Kailua, alƙalai su duba hular kwano da lambar gasa, a rataye keken a jeri. Wakilan mujallu da kamfanoni na zaune a bakin hanya da takarda, suna ƙidaya ko keken wane kamfani ya fi yawa. Kekunan a nan za su kwana a bakin teku da masu gadi, masu su kuwa su koma masauki a ƙafa.