Shagon Turin Yayana

Yayana yana da ɗan shago kusa da tashar mota a Kazaure: teburi, tsohuwar kwamfuta, janareto da allon cajin waya. Sana'arsa turi. Ka miƙa memori, ya cika maka shi da waƙoƙin Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker da finafinan Kannywood, ka biya 'yan canji. Yawancin masu zuwa daga ƙauyukan Roni da Gwiwa suke, mutanen da kuɗin data ya fi ƙarfinsu. Ranar Asabar ni nake tsare shagon.

Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da malaminmu ya yi mana bayanin dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ya ce mawaƙi shi ya biya kuɗin situdiyo. Idan an saurari waƙarsa a YouTube yakan ɗan samu wani abu daga talla, amma idan ta bi ta memori ko Xender, ko sisi ba ya shiga aljihunsa.

Da daddare na faɗa wa Yaya. Ya yi shiru, can ya ce, "To, kuɗin jarrabawarka na bara, daga ina kake zaton suka fito?"

Ban iya cewa komai ba. Asabar da ta wuce ma na tsare shagon. Wani ɗan acaɓa daga Babura ya miƙo memori, na tura masa waƙa talatin.