Wasiƙa ga Auta: Ga Mota, Ga Tarihinta

Ɗana Auta,



Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, yayanka zai kawo maka motar har Gashuwa. Na bar maka ita halak malak. Tunda aikin rigakafin nan yana kai ka ƙauyukan arewacin Yusufari, inda kwalta ta ƙare sai rairayi, ka fi ni buƙatarta. Ni yanzu tafiyata ba ta wuce masallaci da kasuwa. A akwatin gabanta za ka tarar da wata jakar fata. Ka zauna ka karanta abin da ke ciki kafin ka murɗa makulli, domin rabin kyautar da na yi maka tana cikin jakar nan.

Motar ta girme ka. Land Cruiser ce ƙirar 80, irin waɗanda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, tamu kuwa ta 1996 ce. Injinta 1HZ ne, mai shan gas, silinda shida, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta. Ba ta da gudu, kada ma ka nema a wurinta. Haƙuri gare ta, kuma duk bakaniken da ya san injin gas zai iya buɗe ta a gindin bishiya ya gyara. Sai dai motar da ta kai waɗannan shekaru ba ta rasa ciwo, kuma nata duk a rubuce suke.

A jakar akwai takardun shaidar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa, a jere shekara bi shekara. Akwai rasiɗan kayan gyara. Akwai kuma littafi mai baƙin bango da na gada daga ma'aikatar da ta yi gwanjonta, na ɗora rubutu daga inda direbansu ya tsaya. Abu uku za ka duba. Na farko lissafin kilomita: na bana kullum ya ɗara na bara, ba inda ya koma baya. Ka riƙe wannan ko don ranar da za ka sayi wata, domin ana juya agogon mota a rage mata tafiya, tsofaffin takardu ne ke tona asiri. Na biyu, laifin da ya yi ta dawowa. Duk abin da ka ga an rubuta shi sau uku, halin motar ne, a hannunka ma zai dawo. Na uku, giɓi. Za ka ga shekara biyu babu rubutu kafin ta zo hannuna. A lokacin tana ajiye ne a rana. Zama ya fi tafiya cin mota: robobi su bushe, birki ya kafe, tsatsa ta shiga tanki. Shi ya sa shafukan farko na rubutuna suka fi sauran cika.

Abin da ya fi yawa a littafin shi ne ƙafar gaba. Bayan kowace tayar gaba akwai dunƙulen ƙarfe inda ƙafar ke juyawa. Cikinsa giris ne, man aksul kuma yana daga can ciki, wata 'yar roba ce ta raba su. In robar ta gaji, mai ya gauraya da giris, sai ka ga baƙin abu yana tsiyaya ta bayan taya. Kada ka ɗauke shi datti kawai. Yana iya kaiwa ga birki, yana kuma barin joyin ba giris, har ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya sitiyari da giyar taimako a ciki. Duk wata ka ɗaga gaba da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, boris ne. Ka kama ta hagu da dama. In ta yi wasa, tayarod ne. Sannan ka sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari, kai kuma ka leƙa da tocila wurin da akwatin sitiyari ya ɗauru da shasi. An san wannan ƙirar da tsagewa a nan, musamman wadda ta sha gargada. Ko siririyar tsaga ka gani, a tsaya a yi walda a ƙara ƙarfe kafin ta sake hawa hanya.

Birki da taya, Auta, a kansu rai yake. Man birki yana shan danshi ko da motar ba ta motsa ba, don haka duk shekara biyu a zubar a zuba sabo. In ka taka feda ka ji tana nutsewa a hankali, kada ka fita. Birkin hannunta yana yawan sassautawa, ka riƙa sa a ɗaure shi, in ka tsaya a gangare kuma ka bar ta a giya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: in ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Taya tana iya zama da zanenta raɗau alhali ta tsufa, irinta ce ke fashewa a kwalta da tsakar ranar bazara. Kada ka sayi ta gwanjo don ka ga sauƙi, araha ba ta ado.

Injin nan yana yafe kusan komai, ban da zafi. In ya tafasa sosai, kansa ne ke tsagewa, gyaran kuma zai cinye maka albashin watanni. Idonka ya riƙa komawa kan allurar zafi, musamman a rairayi inda injin ke nishi mota ba ta sauri. Ka riƙa wanke ƙura da ciyawa daga fuskar lagireto. Ruwan wasu rijiyoyin can yana da kanwa, yana toshe lagireto daga ciki. Ka zuba ruwan sanyaya injin na gaske, ka ajiye jarka guda a baya. Kada ka taɓa buɗe murfin yana da zafi. Sai tamin bel. Ana canza shi duk kilomita 100,000, akwai fitila mai rubutun T-BELT da ke kamawa ta tuna maka. Ana iya kashe fitilar ba a canza bel ɗin ba, saboda haka ka tsaya a gabanka a yi, a ba ka tsohon a hannu. In ya tsinke kana tafiya, fistan da bawul karo suke yi. Ranar da aka canza na ƙarshe tana littafin, na ja mata layi da jan biro.

Na san a ƙauye wani lokaci dole ka sayi gas a jarka wajen 'yan bumburutu. Ka tace shi da tsumma mai tsabta. A ƙasan matatar gas akwai ɗan famfo na zubar da ruwa, ka riƙa buɗe shi. Da hunturu kullum ka ciro matatar iska ka kakkaɓe. Baƙin mai kuwa a canza shi duk kilomita 5,000, ko da ka ga bai yi duhu ba.

Giyar taimako ta rairayi da taɓo ce. Kada ka hau kwalta da ita, tana murɗe ƙarafan ƙasa. In za ka shiga rairayi ka rage wa tayoyi iska, in ka fito ka mayar. Famfon iskar yana ƙarƙashin kujera. Da damina in ka ratsa ruwa mai zurfi, ka duba man aksul. In ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a canza shi a ranar. Shasinta lafiya lau yake, don a nan ta yi rayuwarta. Waɗanda ake shigo da su daga Turai ta Kwatano su ne ke zuwa da tsatsa a ƙasa, saboda gishirin da ake watsawa a titunan can lokacin ƙanƙara. In kana buƙatar wani ƙarfe, ka gaya wa yayanka ya nemo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya san yadda ake bambance na gaske da jabu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. In lokacin sabunta takardu ya yi, wani zai zo ya ce ka ba shi kuɗi ya kawo maka takardar lafiyar mota har gida, ba sai an wahalar da kai ba. Kada ka yarda. Ka tuƙa ta da kanka ka kai, a duba fitilu, a gwada birki, a leƙa ƙarƙashinta. In an sami laifi, ka gode, ka gyara, ka rubuta a littafin da kwanan wata da kilomita. Na fara tuƙi tun kafin a kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, na ga abin da tayarod guda yake yi wa mota cike da mutane. Takardar da aka saya za ta wuce da kai shingen jami'ai, amma ba za ta tsayar da mota ba ranar da yaro ya faɗo hanya da gudu. Kai kuma ba kai kaɗai za ta ɗauka ba. Akwai abokan aikinka, akwai mai naƙudar da za a roƙe ka ka kai asibiti cikin dare. Amanarsu tana wuyanka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren da za ka tashi da asuba, ka duba mai, ruwa, iska da safaya tun da sauran haske. Kada ka yi tafiyar dare in ba dole ba, kada ka shiga daji ba ruwan sha da shebur, kuma ka riƙa gaya wa wani inda ka nufa. Ka ci gaba da littafin daga inda na tsaya, da gaskiya, ko da laifin na hannunka ne.

In ta iso ka kira mahaifiyarka, hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ji muryarka. Allah ya tsare ka a hanya, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Baba