Bizar Intanet Ko Ta Filin Jirgi: Gara A Hana Ni Ina Ɗakina

 

A da, in an ce mace za ta hau jirgin sama, to Makka ta nufa, kuma duk wata takarda tana hannun hukumar alhazai ko maigida, ita dai nata haɗa jaka. Yanzu zamani ya juya. 'Ya'yanmu sun watsu cikin duniya, wata aure ya kai ta, wani karatu, mu kanmu wata fatauci ke fitar da ita, wata kuma jinya. Shi ya sa maganar biza ta shigo har cikin hirarmu ta gidan suna da gidan biki.

Ban da tsohuwar hanyar zuwa ofishin jakadanci, ƙasashe da dama sun fito da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce bizar intanet, wato ki cike fom tun kina gida, ki tura hotonki da na shafin fasfo, ki biya da katin banki, bayan 'yan kwanaki a turo miki takardar izini ta imel. Ta biyu ita ce bizar filin jirgi, wadda sai kin sauka a ƙasar za ki bi layi, ki biya, a buga miki. Na ɗanɗana duka biyun, a ƙasa guda, kuma a kan lalura iri guda.

Babbar yarinyar gidanmu tana aure a Addis Ababa, babban birnin Habasha, inda mijinta yake aiki. A 2019 ta samu cikin fari. Bisa al'ada gida ya kamata ta zo, amma likita ya hana ta doguwar tafiya, sai Alhaji ya ce ni in je in kula da ita. A lokacin ƙofa a buɗe take, domin tun Nuwamba 2018 gwamnatin Abiy Ahmed ta ba duk 'yan Afirka damar karɓar biza in sun sauka. Na haɗa gero da kanwa da yaji da kuka, na tashi daga Kano tare da autarmu mai shekara 6.

Bayan sama da awa 4 a sama muka sauka filin jirgin Bole. Nan na tarar da layi biyu, na biyan kuɗi da na buga fasfo, ga jirage sun sauka kusan lokaci guda. Na biya dala 50, ita ma yarinyar sai da aka yi mata tata, domin kowane fasfo da bizarsa, ko na jinjiri ne. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Amma tsayuwar nan da yarinya tana gyangyaɗi a kafaɗa, ga sanyin gari, ga surukina yana waje ba shi da ikon shigowa, ta sa na yi ta tunani guda: in jami'in nan ya girgiza kai fa? Ba ni da yaren ƙasar, layin wayata ba ya aiki, mai ciki kuma tana can tana ƙirga kwanaki.

Ciki na biyu ya zo a farkon 2023. Kafin nan, a Oktoba 2022, Habasha ta dakatar da bizar filin jirgi ga 'yan Najeriya da wasu ƙasashe da dama, aka ce kowa ya nemi tasa a ofishin jakadanci da ke Abuja ko ta intanet. Surukina ne ya bugo waya ya ce, "Mama, bana ba kamar waccan ba ce, a turo min hoton fasfo tun yanzu." Shi ya cike fom, shi ya biya daga can, saboda a 2022 bankunanmu da yawa sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Cikin 'yan kwanaki takarda ta iso. Na sa aka buga min kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a akwati. Daren tafiya na yi barcina har da minshari.

Abin da na fahimta daga tafiyoyin nan biyu shi ne, bizar filin jirgi alkawari ce, ba takarda ba ce a hannu, kuma mai gari yana iya janye alkawarinsa duk ranar da ya ga dama. Ba Habasha kaɗai ba. Ƙasarmu ma a Disamba 2019 Shugaba Buhari ya sanar a Aswan ta Masar cewa 'yan Afirka za su riƙa samun biza in sun iso Najeriya, sai ga shi a Mayu 2025 an maye gurbin tsarin da bizar intanet. Kenya kuwa a Janairu 2024 ta ce kusan kowa ya nemi izini ta intanet kafin ya taso, a 2025 ta ɗauke wa yawancin 'yan Afirka wannan sharaɗi. Kin ga ke nan labarin da Hajiya wance ta ba ki na tafiyarta ta bara ba hujja ba ne a bana.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Tun a kantar auna kaya ake fara tantance fasinja, domin in kamfanin jirgi ya kai wanda aka ƙi karɓa, shi zai dawo da shi, sau da yawa har da tara. Don haka mai cewa "sai na sauka za a ba ni" ita ce ke shan tambayoyi: ina tikitin dawowa, ina adireshin masauki, nawa ne guzurinki. Mai takarda a hannu miƙawa kawai take yi. In har za a ce min a'a, gara a faɗa min ina zaune a ɗakina, ban yi sallama da dangi ba, ban sa an yi min addu'ar tafiya ba. A'ar gida kuɗin fom take ci, a'ar filin jirgi kuwa tana cin tikiti da mutunci, ta bar wadda ke jiranki cikin zulumi.

Sai dai ita ma intanet tana da nata ramukan. Akwai shafukan 'yan damfara da na dillalai masu kama da na gwamnati, su karɓi ninkin kuɗi, wani lokaci ma takardar ta bogi ce. Shafin Habasha na gaskiya yana ƙarewa da gov.et ne, kuma kowace ƙasa ofishin jakadancinta zai nuna miki nata. Sannan kwamfuta ba ta san uzuri ba. A tafiyata ta biyu na ga wata baiwar Allah tana hawaye a kanta, yaron shagon intanet ya rubuta mata lambar fasfo da kuskuren harafi ɗaya, jirgi ya tashi ya bar ta. Duk wanda ya cike miki, ki sa a karanta miki suna da lamba da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, ana dubawa da fasfo. In Hauwa'u ce a fasfo, kada a rubuta Hauwa. Ki tabbata fasfon yana da sauran aƙalla wata 6, ki riƙe katin rigakafin shawara, kuma ki sani ko da biza a hannu, jami'in shige da fice ke da magana ta ƙarshe, don haka ki amsa masa cikin natsuwa.

Ban ce bizar filin jirgi ba ta da ranarta ba. Rasuwa ko rashin lafiya na gaggawa ba sa jiran imel, in ƙasar ta yarda da fasfonmu sai a kama hanya da dala tsaba a hannu. Wata ƙasar ma biyan kuɗi tun daga gida asara ce. Ruwanda tun 2020 take barin 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka su shiga kyauta na kwana 30. Gana da Togo da Senegal kuwa ba ma buƙatar biza, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba mu kwana 90. Matambayi ba ya ɓata.

Amma in tafiyar ta shiri ce, ga yara ko tsohuwa a tare, kuma an ba ni zaɓi, ta intanet nake ɗauka, da makonni a gaba, kafin a biya kuɗin tikiti. Uwargida, ko da maigida ne ke ɗawainiyar komai, ki nemi ganin takardar da idonki, domin ke za ki tsaya gaban jami'in, ba shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.