Jak Ɗagawa Yake Yi, Ba Ya Riƙewa

A wannan wata muna so mu ɗan fita daga aji, mu leƙa inda da yawa daga cikin ɗalibanmu suke ƙarewa bayan sun bar hannunmu, wato gareji. Kowace shekara, da zarar an gama jarrabawar BECE, akwai yaran da ba za su wuce gaba ba, ko don sakamako ko don halin gida. A nan Kumasi, daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango har Tafo, hanyar yawancinsu ɗaya ce. Uba ko kawu ya kama hannun yaro ya kai shi wurin masta, ko a cikin Magazin na Suame ko a wani gareji na bakin titi, a biya kuɗin koyo, a shafa fatiha, shi ke nan yaro ya shiga makanikanci, ko fita kamar yadda muke cewa a nan. Ba mu raina wannan hanya ko kaɗan. Gidaje nawa ne a zango sifana ta gina su, kuma mutum nawa ta kai Makka?

Abin da ya dame mu shi ne, aikin gareji hawa-hawa ne, kuma na ƙasan ƙasa shi ake turawa ƙarƙashin mota. Masta yana tsugune yana ba da umarni, babban yaro yana miƙa sifana, sabon shiga kuwa, ɗan shekara 15 ko 16, shi ne kwance a kan kwali, tsakanin ƙirjinsa da cikin mota bai fi taƙi ɗaya ba. To, me ke riƙe da motar nan? Sau da yawa in ka duba, jak ne guda ɗaya tal.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Ƙaramar mota irin Toyota Corolla nauyinta ya kai kilo 1,200 ko ya ɗan ɗara. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan buhu 24, kuma wajen 14 daga ciki a gaba suke, inda inji da giya suke. Sprinter da ake trotro da ita kuwa, ko babu fasinja ko ɗaya, ta kai ton 2, wato buhu 40. Ba sai mota ta karya ƙashi kafin ta yi kisa ba. Ya isa ta zauna wa mutum a ƙirji ta hana shi jan numfashi, ko ihu ba zai iya ba, domin ihun ma da iska ake yinsa. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska, ta fara lalacewa.

Jak mai aiki da mai, ko mai kama da kwalba ko mai taya wanda wasu ke kira kada saboda tsawon bakinsa, abu ne da muke koyar da asalinsa a darasin kimiyya. Wani Bafaranshe ne mai suna Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya bayyana cewa in aka matsa ruwa ko mai a cikin rufaffen mazubi, matsin nan yakan bazu ko'ina daidai wa daida. A cikin jak akwai ƙaramin fistin da babba. A ce faɗin ƙaramin santimita 1 ne, na babban 4, to ƙarfin da aka sa zai ninka sau 16. In kuma sandar bugawa ta ƙara ninka ƙarfin hannu sau 20, ka ga an sami 320 ke nan. Shi ya sa yaron da ba zai iya ɗaukar buhun siminti ɗaya ba yake ɗaga gaban mota da hannu ɗaya yana hira. Wannan sauƙi shi ke ruɗin mutane.

Amma bayan an ɗaga, me ke hana man komawa? Ɗan ƙwallon ƙarfe ne da ke toshe hanyarsa, da zoben roba da ke kewaye da fistin, da kuma makunnin nan da ake murɗawa a sauke mota. Iyakarsu ke nan. Roba tana tsufa, ƙurar hunturu da yashi suna shiga mai, kuma sau nawa muka ga an rasa man jak an ɗura masa man burki, wanda ke cinye robar? Wani jak ɗin a hankali yake sauka, ba a lura sai yaro ya ji wuri ya matse. Wani kuwa lokaci ɗaya yake saki, ko don roba ta fashe ko don wani ya yi tuntuɓe da sandar. Shi kuwa ƙaramin jak mai kama da almakashi da ke zuwa a but ɗin mota, don canza taya a hanya kurum aka yi shi. Gindinsa bai fi tafin hannu ba, iskar babbar mota in ta wuce da gudu ma tana iya girgiza abin da ke kansa. Kamfanonin da ke ƙera jak da kansu suna rubutawa a jikinsa cewa kada a shiga ƙarƙashin abin da ya ɗaga sai an tokare, sai dai baƙin mai kan rufe rubutun tun makon farko.

Abin tokarewar shi ne ƙarfen nan mai ƙafa uku ko huɗu, mai wuya da ake ja sama a kulle da fil ko da haƙori. Masu sayar da kayan aiki suna ce masa jak-sitan, mu dai bari mu kira shi madogari. Babu mai a cikinsa, babu roba, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Jak ya ɗaga, a zura madogari biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsu ɗaya, sannan a sauke motar a hankali har nauyinta ya zauna a kansu. Wannan saukewar ita ce mutane ke tsallakewa. Sai ka ga an ajiye madogari a ƙarƙashi da ratar yatsa uku tsakaninsa da mota, wai ko da jak zai saki. Motar da ta faɗo da ƙarfi tana iya ture shi gefe. Bayan ta zauna, sai a mayar da jak ya ɗan taɓa ta kawai, a cusa tayar da aka cire a kwance ƙarƙashin gefen motar, sannan babba ya dafa ta da hannu biyu ya girgiza sosai. In za ta faɗi, gara ta faɗi babu kowa a ƙasa. Duk wannan bai kai minti 5 ba.

Shi ma madogarin a dube shi. Lambar da ke jikinsa, ton 2 ko ton 3, yawanci ta guda biyun ce a haɗe, ba ta ɗaya ba. Kuma kada a ce don daga Turai ko Amurka ya zo ba ya da aibi. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya nemi a mayar masa da madogarai wajen miliyan 1.7 da ya sayar, saboda haƙorin da ke kulle wuyan yana iya zamewa in nauyi ya motsa. Masu walda namu suna ƙera nasu, wasu ma masu kyau ƙwarai, da bututu mai kauri da gindi mai faɗi. Inda ake ɓata su shi ne in fil ɗin ya ɓace, a maye gurbinsa da ƙusa ko sukundireba ko guntun rodi.

Za a ce mana, Malam, ai muna sa bulo. Wannan ita ce al'adar da muka fi tsoro. Bulon siminti an yi shi ne ya ɗauki nauyin bango da ya bazu a duk faɗinsa. In ƙarfen mota ya danna shi a wuri ɗaya, musamman mai rami, ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara, sai dai ya tarwatse farat ɗaya. Mu kuwa duk mun san irin bulon da ake bugawa yanzu, wanda yashi ya fi siminti yawa har farce ke kankare shi. Duwatsu da aka ɗora kan juna ko rim uku a jere su ma zamewa suke. In babu madogari, katako mai kauri kuma mai tauri, a kwance, a jera shi biyu-biyu ana giciyewa, ya fi bulo nesa ba kusa ba, domin katako kafin ya ba da kai sai ya yi ƙara.

Sai ƙasar da aka tsaya a kai. Garejinmu kaɗan ne ke da daɓen siminti. Jar ƙasa ce, da rani ta yi tauri, da damina ta yi laushi, ga baƙin mai na shekaru ya jiƙa ta. Kwalta ma da tsakar rana laushi take yi, ƙafar madogari ta nutse a ciki. Faffaɗan katako ko farantin ƙarfe a ƙarƙashi yana maganin wannan. Akwai kuma abin da ba kowa ya lura da shi ba game da kada: hannunsa ba miƙe yake tashi ba, lanƙwasowa yake yi baya, saboda haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ciki yayin da mota ke tashi. Tayoyinsa don haka aka yi su. In tsakuwa ko yashi suka riƙe su, to motar zai jawo, ko kuma kansa ya zame daga inda aka kafa shi. Inda ake kafawar ma sananne ne: a ƙananan motoci akwai 'yar alama a haƙarƙarin ƙasa, bayan tayar gaba da gaban tayar baya. Ba a kafawa a tukunyar baƙin mai, ko tankin fetur, ko salansa. Motocin da ake saukewa a Tema kuwa da yawansu sun sha gishirin da ake watsawa a titunan Kanada da Amurka lokacin ƙanƙara, fenti yana sheƙi a sama, tsatsa ta cinye ƙasa. A ƙwanƙwasa wurin tukuna.

Tsofaffin direbobin manyan motoci ba sa tafiya babu weji, yaron mota kuwa kafin ya koyi komai sai ya koyi dirowa ya sa shi. Yanzu an mai da shi abin ƙauye. Alhali burkin hannu ƙafafun baya kaɗai yake kamawa a yawancin motoci. Motar da ke ja da baya, irin Sprinter ko tsohuwar 207, giyar ma ƙafafun baya take riƙewa. Ke nan in ka ɗaga bayanta, ka ɗauke burki da giya gaba ɗaya daga ƙasa, babu abin da ya rage sai ƙafafun gaba da ke sake. Dole a sa musu weji gaba da baya. Notin taya kuma a sassauta shi tun mota tana ƙasa, a ƙarasa ɗaure shi bayan ta sauka, domin tsalle a kan wil-sifana mota tana sama shi ke jefar da ita.

Wani ɗalibinmu, yaro mai kan lissafi, wata 4 kacal ya yi a wani gareji aka sa shi kwance farfelar wata bas. An ɗaga bayanta da jak, an tura bulo biyu, an sa ta a giya, wurin kuma da ɗan gangare. Yana ta fama da noti mai tsatsa, ya ja da ƙarfi, motar ta gusa gaba, jak ya kwanta, bulo ya fashe. Allah Ya sa akwai tsohuwar taya a yashe a wurin, ita ta tare rabin nauyin. Ya tsira da rai, amma ƙugu ya karye, yau da sanda yake tafiya, yana sayar da katin waya. Da muka je dubiya, mahaifinsa ya ce mana, "Malam, abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Mun amsa masa da haka ne, domin gaskiya ya faɗa, kuma bakin gadon majinyaci ba wurin gardama ba ne. Amma a wannan fili muna iya tuna wa juna cewa malaman da suka karantar da mu ƙaddara, su ne kuma suka ba mu labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya yi tawakkali.

Masta zai ce shekara 30 yana wannan aiki ba abin da ya same shi. Mun yarda, amma sabo turken wawa ne in ji Hausawa, kuma shekara nawa rabon da shi kansa ya kwanta a ƙasan? Yaron da ke kwance ba shi da bakin magana. Mu muka tarbiyyantar da shi kada ya musa wa babba, mu muka ce masa duk abin da masta ya sa ka ka yi. In ya ce ba zai shiga ba sai an tokare, sauran yara su yi masa dariyar ragwanci, wataƙila ma a kore shi, kuɗin koyo ya bi ruwa. Saboda haka maganar ba tasa ba ce, ta wanda ya kai shi ce. Ranar da ake miƙa yaro akan tambayi kuɗin koyo, da shekarun da zai yi, da kuɗin abincin rana. A ƙara tambaya ɗaya cikin ladabi: "Masta, don Allah nuna mini abin da kuke tokare mota da shi." Mastan kirki ba zai ji haushi ba. In kuwa ya nuna maka tarin bulo, to ko ka nemi wani wuri, ko ka sa madogari biyu cikin kayan aikin da za ka saya wa yaron, tare da sifanu da filaya. Iyaye uku ko huɗu da 'ya'yansu ke gareji ɗaya suna iya haɗa kuɗin.

In kuma abin ya riga ya auku, Allah Ya kiyaye, kada a ja mutum ta ƙafa mota tana kansa. A sa weji, a ɗaga da wani jak ko da taron jama'a, wani yana cusa katako a duk ratar da aka samu, wani kuma ya kira 112. Ko ya miƙe da ƙafarsa yana cewa lafiya lau, a kai shi asibiti a ranar, ba wurin mai ɗori ba tukuna, domin jini yana iya zuba a ciki ba a gani, kuma naman da nauyi ya daɗe a kansa yakan saki dafin da ke taɓa ƙoda bayan sa'o'i.

Mun roƙi wani tsohon masta a unguwarmu, wanda tun da can ba ya yarda da bulo a garejinsa, ya zo makaranta da jak da madogari biyu da weji kafin 'yan ajin ƙarshe su tafi, ya nuna musu a kan motar hedimasta. Ya amsa, da sharaɗin a gayyato iyayen su ma. Takardar gayyata za ta zo ta hannun yara.