Lasifika Biyu, Zane Biyu



Duk wanda ya shigo majami'armu a 'yan makonnin nan ya ga sababbin lasifika biyu, ɗaya dama da bagade, ɗaya hagu. Wanda ya dube su da kyau kuma ya lura ba su yi kama da juna ba. Zanen katakon ta dama ya tashi sama kamar harshen wuta, na ta hagu kuwa layi-layi ne a miƙe kamar na saƙi. Mu 'yan Zumuntar Matasa ne muka sa aka yi su, kuma saura kaɗan mu ci haƙƙin wani dattijo saboda wannan bambanci. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba da labarin da bakinmu.

Tsofaffin lasifikarmu sun gaji. Da mai wa'azi ya ɗaga murya sai su kama kakkarwa, iyayenmu da ke zama a baya kuma su tashi ba su ji rabin wa'azin ba. Muka shekara muna tara kuɗi, wasu da wankin mota, wasu da sayar da kunu bayan sujada. Muka sayi kayan cikin lasifikar, aikin akwatin kuma muka ba wani dattijon kafinta da ke cikin ikilisiyarmu. Da yake kuɗin bai kai na biyu ba, guda ɗaya muka fara ba shi. Sai bayan wata huɗu muka koma da kuɗin ta biyu.

Ranar da aka jera su, ranmu ya ɓaci. Ɗaya daga cikinmu ya buɗe wayarsa ya nuna mana hotunan lasifikar kamfanin Klipsch na garin Hope a jihar Arkansas ta Amurka, wanda ke ƙera Klipschorn tun 1946. Ga su nan biyu-biyu, zanen kowace ya dace da na 'yar'uwarta kamar tagwaye. Nan take muka yanke shawara cewa ba za mu biya cikon kuɗin aiki ba sai an sake. Babu wanda ya ce a jona su a ji tukuna. Ko ɗaya daga cikinmu.

Mu huɗu muka je shagonsa. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya jawo wani falle na katako, siriri kamar kwali, ya miƙa mana.

"Yarana, ku taɓa. Wannan ita ce biniya, fatar katako. Kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Ita kaɗai kuka gani kuka yi fushi."

Muka ce, "Baba, ai ita ce mutane za su gani."

Ya ce, "Gaskiya ne. To ku zauna in nuna muku inda zane ke fitowa."

Abin da muka koya a ranar ke nan. Zanen biniya ya dogara ne da yadda wuƙar inji ta bi gungume. Idan aka yanko falle daga gefen gungumen a tsawonsa, zobban da itacen ya yi yayin girmansa sukan fito kamar harshen wuta. Idan aka fara raba gungumen gida huɗu sannan aka yanka ta kan zobban, sai layuka su fito a miƙe. Idan kuma aka juya gungumen a bakin wuƙa ana feƙe shi kamar ana warware rawani, zanen yakan fito da faɗi a barbaje, irin wanda muke gani a jikin filawud. Ashe itace ɗaya zai iya ba da fuska uku.

Don a sami tagwaye irin na hoton, sai an ɗauki fallaye biyu da suka fito bi da bi daga gungume ɗaya, a buɗe su kamar shafukan littafi, zanen wannan ya fuskanci na wancan. Baba ya yi hakan a jikin kowace lasifika. Mu ne ba mu lura ba. Amma da ya koma kasuwar Katako a Jos bayan wata huɗu, ɗaurin da ya saya na farko ya ƙare. Duka biyun fatar maɗaci ce, sai dai gungumen daban, yankan ma daban. Da mun ba shi aikin biyun tare, da ya haɗa su. Jinkirin daga wurinmu ya fito.

Wani cikinmu ya ce to me ya hana a yi akwatin da tsantsar katako, a huta da biniya? Baba ya yi dariya. Tsantsar katako yana da rai ko bayan an sare shi: da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, har ya tsage. Akwatin lasifika kuwa ba ya son iska ta sami wata kafa ban da wadda aka tsara mata. Shi ya sa ya yi amfani da MDF mai kaurin milimita 18, wato zaren katako da aka matse da gam. Ba shi da kyan gani, yana kuma tsoron ruwa, amma yana da nauyi, ba ya da jijiya, ba ya saurin ɗaukar kaɗawa. Aikin akwati shi ne ya yi shiru, ya bar lasifika ta yi magana.

Washegari ya zo majami'a, ya ce mu ƙwanƙwasa tsohuwar lasifika da bayan yatsa. Ta amsa kamar ganga. Muka ƙwanƙwasa sabuwa, sai wani ɗan sauti gajere kamar an bugi bango. Ya kwance bayanta ya nuna mana sandunan da ya tokare bangarorin da su, da soson da ya shimfiɗa a ciki, da gam da ya bi kowace kusurwa. Mafi yawan kwanakin aikinsa a nan suka tafi, a wurin da ba wanda zai taɓa leƙawa. Kunya ta rufe mu.

Ba muna cewa kyan gani banza ba ne. Baba da kansa ya nuna mana yadda za mu bambanta biniya ta gaske da leda mai hoton katako: zanen leda yana maimaita kansa, na itace ba ya yi. Ya goge tasa da hannu, ya shafa mata mai har sau uku, domin abin da za a ajiye a gidan Ubangiji ya kamata ya yi kyau. Kuskurenmu shi ne mun auna aikin duka da abin da bai kai milimita ɗaya ba, muka kuma riƙe ladan ma'aikaci a kai. Mun sha karanta 1 Sama'ila sura 16, yadda tsayi da kwarjinin Eliyab suka ɗauki hankalin annabi. Ba mu taɓa zaton a kan akwatin katako za a gwada mu da wannan darasi ba.

Ranar Lahadi aka jona su. Bayan sujada wata mama da ke zama a bencin ƙarshe ta tare mu a ƙofa ta ce, "'Ya'yana, yau na ji har addu'ar rufewa." Ba ta ce komai game da zane ba.

Ranar Litinin muka kai wa Baba cikon kuɗinsa, muka durƙusa muka roƙi gafara. Ya ce ya yafe tun a shago. Ya kuma ce in muna so zai nemo biniya ya sake rufe ɗayar. Muka ce a bar su haka.

'Yan'uwa, in kun shigo ranar Lahadi kuka ga zane biyu, ku tuna da mu a addu'a, Ubangiji ya ba mu haƙurin saurare kafin yanke hukunci. Amin.